Dariyar Kalilu a Bakin Rumbuna

Ni dai tun farko ban so aikin ga na Kalilu ba. Ƙanena ne, ciki ɗaya. Ya bar Tsamaye shina saurayi ya tahi Sakkwato, ya faɗa wasan kwaikwayo na talabijin, kuma bai taɓa fitowa mutumin kirki ba. Kullum shi ne Alhaji Ɓoyau, mai kimshe hatsi sai ya yi tsada. Matashin kai suke cusa mishi cikin riga don tumbi. In talaka ya zo roƙon tsaba, sai ya shafa tumbin ya yi wata muguwar dariya ta hanci kafin ya buɗe baki. Mutanenmu kan je Sabon Birni ranar kasuwa su kalle shi, su dawo suna tsine mishi.

Shekarar fari ta tamanin da huɗu anka dakatar da wasan, ya dawo gida da jaka guda, wuya kamar na zabo. Mijina ya tahi cin rani, ni da yara muna ta cin tafasa da dusa. Abin da ya rage cikin rumbu 'yan dammunan iri ne, waɗanda na rantse ko mutuwa za mu yi ba a taɓa su sai ruwa ya sauka.

Bai yi mako ba magana ta zagaye gari: wai Alhaji Ɓoyau ya kawo buhuna ya ɓoye rumbun yayarsa. Ka ji wauta. Manya da gemu, ba su iya raba mutum da rigar aro.

Ranar wata Talata da hantsi sai ga su, Wakili na maigari a gaba, samari da sanduna a baya.

"Saude," in ji Wakili, "buɗe muna rumbun ga mu gani."

Na ce, "Baba Wakili, iri ne a ciki. Kai ma ka san ba a buɗe rumbun iri gaban mai jin yunwa. Ka hau kai ɗaya ka leƙa, sauran su koma waje."

Wallahi ya fara sassautowa. Har ya juya shina ce ma samarin su ja baya. Sai Kalilu ya fito daga ɗaki.

"Yaya, bari ni za ni yi musu bayani."

Na ce ya koma ciki, ya ƙi. Ya tsaya bakin rumbun, ya dubi taron. Mutumin ga shekara da shekaru bai taɓa tsayawa gaban jama'a da muryarsa ta Allah ba. Hannunsa ya tahi ga cikin da babu komai, ya shafa, sai dariyar nan ta hanci ta kuɓuce mishi.

Wani daga baya ya ce, "Kun ji ko? Mu yake yi ma dariya."

Ko tsani ba su nema ba. Sunka ture Wakili, sunka sa taɓarya sunka fasa cikin rumbun. Da sunka ga ba buhu ko ɗaya, kana zaton kunya ta kama su? Dammunan sunka wawashe, kowa na fizgar zangarniya shina turawa cikin riga. Ina ihu ina kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don duk na san uwayensu. Kalilu na zaune cikin ƙasa, baki ya fashe, shina ta faɗin, "Wasa ne, wasa ne."

Na tsane su ranar, kuma har yau ban huce ba. Shi ma na ce ya bar min gida, ya kwashe jakarsa ya bi motar garin Isa.

Da damina ta zo, ruwa ya sauka sosai. Na bi gida gida ina roƙon iri ko cikin tafi, kowa ya ce bai je gidana ba ranar. Unguwa duk ta fita shuka, ni da yara muna zaune bakin gona muna kallon ƙasa jiƙaƙƙiya.