Mayafin Inna a Ɗakin Gwaji

Tana cikin ɗiga amoniya a akwatin gilashi, sai mai gadi ya leƙo ya ce ƙanwarta ta iso.

Aikinta ke nan shekara da shekaru: a jera ƙananan na'urorin auna danshi, a turara su da amoniya ko bilic na wanki ko sinadarin fenti, a ga wadda za ta jure. Wadda tururin ya rikita, a ɗan gasa ta, ta dawo daidai. To, hancin mutum fa ba a gasa shi. Tururin nan ya kashe nata a hankali, har girki kan ƙone a gabanta ba ta sani ba. Jiya likita ya ce ta daina jiran dawowarsa.

Ita kuwa jiran take yi, saboda mayafin Inna. Tun ranar rasuwar ta ɗauke shi ba a wanke ba, ta kawo nan ta adana a kabad ɗin da danshi ba ya shiga, don kada ya yi fumfuna. Burinta hancin ya dawo ta shaƙi ƙanshin uwarta ko sau ɗaya. Kewar ta ishe ta, wallahi ta ishe ta.

"Yaya, wannan wuri naku sai ku!" in ji Auta, tana toshe hanci. "Kira kamar gobara, lafiya?"

Yayar ta ciro mayafin ta miƙa mata da hannu biyu.

"Ara min hancinki. Shinshina ki gaya min."

Auta ta daina wasa. Ta karɓa, ta kifa fuska a ciki, ta ja dogon numfashi. Take ta ɗago, tari ya sarƙe ta, idanu suka kaɗa.

"Yana nan?"

"Yana nan, Yaya. Turarenta, da man nan da take shafawa. Kamar yanzu ta cire."

Ta tsura wa ƙanwar ido. Ta san irin wannan tari, duk sabon ma'aikaci da shi yake fara aiki. Kabad ɗin ya hana danshi shiga, amma ba wanda ya ce yana hana tururi. Ashe tuntuni sinadari ya cinye ƙanshin, ita tana ta gadin tsumma.

Ta karɓi mayafin ta rungume a ƙirji.

"Ci gaba, Auta," ta ce. "Sai me kuma kika ji?"