Hantar Labbo

Malam Kalilu mutum ne mai tsari har ya yi yawa. Yana koyarwa a wata kwaleji a Birnin Kebbi, zamanin da ake ƙarƙashin jihar Sakkwato, kuma shekara biyu ke nan yana bin diddigin wani sinadari da ke cikin ƙwayoyin hanta, wanda ke juya wani irin maiƙo ya koma wani. Sinadarin ba ya son zafi, saboda haka duk ranar kasuwa sai Kalilu ya hau babur ya tafi Argungu wurin Hodi mahauci, amininsa. Ana yanka akuya, hantar na faɗawa fulas mai ƙanƙara. Don gudun rikicewa, yakan rubuta sunan mai akuyar a jikin fulas ɗin.

Ran nan ya rubuta: Hantar Labbo.

Bai san wani Labbo daban na garin Gulma ya kwana uku da ɓata ba, 'yan'uwansa sun cika kasuwa suna cigiya. Yana ɗaure fulas a babur sai Usmanu, yayan wanda ya ɓata, ya karanta rubutun, ya fizge murfin. Ga hanta jina-jina.

"Jama'a, ga wanda yak kashe muna Labbo!"

"Ta akuya ta!" in ji Kalilu. "Bincike nika yi."

Bincike? Wa ke da kunnen jin wannan! Gora ta sauka a ƙeyarsa, wani ya sa masa dutse a baki, haƙora biyu suka zube. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Ku tambayi Hodi," ya ce, jini na bin gemunsa. "Shi yab ba ni."

Aka ja shi a ƙasa har rumfar mahauta. Hodi na tsaye da wuƙa, hannunsa jajawur.

"Kai kac cire hantar Labbo?" in ji Usmanu.

Gaskiyar amsar ita ce e, kuma Hodi ya ga abin da e za ta jawo masa. Ya dubi sandunan, ya dubi abokinsa, ya ajiye wuƙar a hankali.

"Ban san mutumen ga ba," ya ce.

Kalilu bai ƙara kare kansa ba. Ko da wani ya ɗaga taɓarya zai sauke masa a ka, idonsa na kan Hodi.