Fentin Injin Ɗantsoho

Shekara ashirin da uku Malam Ɗantsoho yana niƙa a wata rumfar kwano a Daura, sai ƙirjinsa ya fara kuka. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya daina shaƙar gari, ko garin ya gama da shi. Ya yanke shawarar sayar da injin ya koma gonarsa a Dutsi kafin ruwa ya sauka.

Mai saye ɗaya tak ya samu, Zakiyyu, wani saurayi daga Mashi da ya gaji da acaɓa. Aka sa Laraba zai zo ya gani.

To, injin nan yana da hali. Ko ka juya hannunsa har kafaɗarka ta gurɗe, ba ya tashi sai an ƙwala masa guduma a wani wuri guda a gefensa. Wurin ya sha duka har ya yi fari yana ƙyalli, shi ya sa Ɗantsoho bai taɓa wahalar nemansa ba. Bai kuma gaya wa Zakiyyu wannan ba. Ya dai sayo koren fenti, ya yini yana shafe injin daga sama har ƙasa.

Ranar Laraba Zakiyyu ya zagaya injin sau biyu.

"Baba, ai wannan kamar yau aka fito da shi daga kwali."

"Lafiyarsa lau. Bai taɓa ba ni kunya ba."

"To, a tayar mu ji."

Ɗantsoho ya juya hannu, ya jawo gudumar daga ƙarƙashin buhu, ya duƙa. Ko'ina kore, farin wurin ya ɓace. 

Ya ƙwala nan, shiru. Ya ƙwala can, shiru. Ya bi gefen injin da duka, fenti yana ta ɓarɓashi, gumi yana bin gemunsa.

"Baba, me ya yi maka ne?"

"Gaisawa muke."

Zakiyyu ya fara laluben makullin babur a aljihu.

A bakin ƙofa mata na jira da kwanonin gero. Cikinsu akwai Iya Haulatu mai fura, wadda tun ranar da aka kafa injin take zuwa kullum ta tsaya tana kallo. Ta ajiye kwanonta ta kutso.

"Kai Ɗantsoho, wa ya aike ka yi wa ƙarfe kwalliya? Fura ta jira ka gama haukarka?"

"Hajiya, ciniki ake."

"Matsa can. Kai ɗan nan, kama ka juya."

Zakiyyu ya juya hannun injin. Ta auna yatsa huɗu ƙasa da wata ƙusa, ta warce gudumar, ta ƙwala wa wurin guda ɗaya. Injin ya yi tari, ya tofar da hayaƙi, ya ɗauka.

"Ashe sai an dake shi," in ji Zakiyyu da ƙarfi, saboda ƙara.

"Sau ɗaya ne a rana," Ɗantsoho ya ce, idonsa a ƙasa. Ya riga ya haƙura.

Haulatu ta juye geronta a ciki, Zakiyyu yana kallon garin da ke zuba.

"Babur ɗina sai na tura shi har bakin titi yake tashi. Wannan ko a tsaye ake lallashinsa. Na saya. Amma Baba, ka kankare mini wurin nan kafin ka tafi."

Ɗantsoho ya zaro wuƙa ya durƙusa, ya fara kankara.

"Ba nan ba, hagu kaɗan," in ji Haulatu. "Kai, miƙo wuƙar. Je ka haɗa kayanka."