Zaɓin da Sha'ibu Bai Yi Ba

"Macuta ne, wallahi macuta!"

Sha'ibu ya ture wayar da bayan hannu ta faɗi kan tabarma. Kamilu maƙwabcinsa ya ɗauka ya goge da bakin riga. Shi ke riƙe masa ita tun da ciwon hanta ya kwantar da shi. Wasa ne na labari mai fitowa kashi-kashi: a ba ka zaɓi biyu, wani jan layi na ƙanƙancewa, ka danna ɗaya kafin ya ƙare. Kamilu ke fassara Turancin, Sha'ibu ke yanke hukunci.

Abin da ya tunzura shi, a kashi na uku ya bar dukiya da budurwa ya ciro ƙanen jarumin daga gobara, sai ga shi a na huɗu masu wasan sun kashe yaron kan gada. Ya ce duk shekarunsa na tuƙi tsakanin Yankara da Funtuwa bai taɓa gamuwa da ɗan kamasho mai rainin wayo irin nasu ba. In sun riga sun yanke, mene ne na tambayar mutum?

"To mu bar shi mana," in ji Kamilu.

"Mu bar mi? Sai na ga ƙarshen ƙaryarsu. Tahi ka sauko mani da na biyar."

Nan gizo ke saƙa. An yanke sabis ɗin waya a duk yankin saboda 'yan bindiga, mai son sauke wani abu sai ya dangana da Zariya. Suwaibatu matar Sha'ibu ta tare Kamilu a soro, ta roƙe shi kada ya yi nisa, tun jiya ko koko bai wuce maƙogwaron mijinta ba. Kamilu ya tsaya cak. Sai muryar Sha'ibu ta biyo shi daga ɗaki, a dushe:

"Ko kai ma cikinsu kake?"

Da sassafe ya hau mota.

A Zariya abin bai ɗauki lokaci ba. Dawowar ce ta ci ranar: shingen jami'an tsaro bayan shinge, a sauke kowa, a zazzage buhu, a mayar. Ya kira gida, ya sake kira, yana sane ba za ta shiga ba. Bai buɗe wasan ba. Zaɓin ba nasa ba ne.

Bayan la'asar ya shawo kwanar layinsu, ya ga tabarmi a ƙofar gidan Sha'ibu, maza zazzaune, ƙafafunsu da jar ƙasar maƙabarta. Gide, yayan mamacin, ya taso ya kama hannunsa.

"Haƙuri, Kamilu. Da hantsi ya cika. Ta ina za mu kira ka?"

"Ya yi magana?"

"Cewa ya yi in an ji mota a leƙa."

Kamilu ya fizge hannunsa, ko fatiha bai shafa ba. Ya shige shagonsa ya banko ƙyaure. Ya zagi masu wasan, ya zagi masu daji da suka ja aka yanke layi, ya kusa zagin Sha'ibu sai ya ciji leɓe. Ya ɗaga wayar zai maka da bango, yatsansa ya taɓa ta ta buɗe.

Jarumin na tsaye bakin kabarin ƙanensa. Zaɓi biyu suka fito. Kamilu ya fassara su a fili, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye wayar kan benci.

Jan layin ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace.