Zaren Khanun

Buakaew ta faɗa tun a gida, ta sake maimaitawa a cikin jar motar haya: ba zai taɓa yarinyar ba. 'Yarta Nuan ta yi kamar ba ta ji ba, tana gyara wa jaririyarta Khanun gashi a kan cinyarta. Tun daga Bangkok ta ƙunso burin nan: mahaifinta ya ga jikarsa ta fari, ya ɗaura mata farin zaren albarka a wuyan hannu, da hannunsa.

"Mae," in ji Nuan, wato Mama, "jikarsa ce fa. Ko yaye ta ban yi ba."

"Mace ce ko ba mace ba? Mai zuhudu ba ya taɓa mace."

"Jaririya ce."

"To, sai ki faɗa masa."

Thawat, mijin Nuan, bai ma san ana yi ba. Ya zura waya ta taga yana ɗaukar tsohuwar ganuwar Chiang Mai. Shi ya tsara yawon: haikalai kafin duhu, daga nan kasuwar dare. Har wando ya saya mai zanen giwaye, irin wanda ɗan gari ba zai sa ba ko da shara zai fitar. A garin nan aka binne cibiyar Buakaew, yau ga shi suruki na jan ta lungu-lungu, yana karanto mata tarihin unguwarsu daga cikin waya.

A haikali na farko baƙi sun yi dafifi, kowa ya juya wa Buddha baya yana murmushi ga wayarsa. A na biyu wata doguwar baƙuwa ta zauna ta miƙe ƙafafu sambal, tafin yana kallon bagadi. Buakaew ta taɓe baki, ta ajiye furenta, ta fito neman takalminta a cikin tulin takalman mutanen da ba su san abin da ya kawo su ba.

Na uku shi ne na mahaifin Nuan.

Ita ba ta da rigima da masu zuhudu. Kullum da asuba tana fita ba takalmi, ta zuba musu shinkafa a kwano da zuciya ɗaya. Amma wannan ɗaya ta san shi. Ta san minsharinsa, ta san yadda yake tsince albasa daga miya. Mijin nata, Insom, ya gwada tuƙin mota ya bari, ya gwada gonar furanni ya bar ta ta bushe. Ana tsakiyar karatun Nuan ya aske kai ya yafa rawayan mayafi, ya bar mata tukunyar taliya da ɗawainiyar makaranta. Abin mamaki, wannan ne kawai bai bari ba. Me zai sa ya bari? Ana kawo masa abinci har inda yake, kuma mai kawowar ce ke godiya. Tun daga ranar, in ta hango shi da kwanonsa sai ta sake titi. Ta riga ta yi wa kanta alkawari, gwiwarta ba za ta taɓa ƙasa a gabansa ba.

Sun same shi a rumfar gefe, an gama karatun yamma, fitilu sun fara haska zinariyar hasumiya. Yana zaune a kan dakali, ga kwanon ruwan albarka, ga ƙullin farin zare, ga layin baƙi. Ya yi ƙiba. Ya kuma koyi wata irin lumshe ido da a da sai ya ƙoshi yake yin ta.

Nuan ta durƙusa ta kai goshi ƙasa. Thawat ya bi ta, giwayensa na neman yagewa. Buakaew ta tsaya jikin ginshiƙi ta rungume jakarta.

"Luang Pho," in ji Nuan, yadda ake kiran uban da ya shiga zuhudu, "ni ce. Ga Khanun na kawo maka."

Ya buɗe ido. Wani abu ya motsa a fuskarsa, Buakaew ta gani, ba za ta yi masa ƙarya ba. Sai ya kalli layin da ke bayansu, da wayoyin da aka ɗaga, abin ya koma inda ya fito.

"Yom, kun zo lafiya?" Haka yake kiran kowa, har mai sharar harabar.

Ya shimfiɗa ɗan ƙyalle a gabansa. Nuan ta ɗora maganin gwiwa da ganyen shayin da ta kawo, ya jawo ƙyallen ya karɓa, ba tare da hannu ya kusanci hannu ba. Ya yayyafa musu ruwa, Khanun ta ƙyalƙyale da dariya. Sannan ya yafito Thawat, ya riƙe masa hannu sosai, ya naɗa zaren, ya ƙulla, har da ɗan bubbuga masa bayan hannu.

"Nuan, ɗauka, ɗauka!" in ji Thawat. "Kin samu fuskarsa?"

Nuan ba ta ɗauki komai ba. Ta matso da gwiwa, ta miƙa hannun 'yarta, ɗan mitsitsi, duk danƙon mangwaro.

Buakaew ta tuna tsohon shugaban haikalin nan, wanda ya rasu. Shi in aka kawo masa ƙaramar yarinya, sai ya kama bakin zaren biyu ya zagaya ya ƙulla, yatsansa bai taɓa fata ba, ba kuma wanda ya taɓa cewa ya karya doka. Insom ya sani. A gabansa aka ɗaura wa Nuan haka tana goye.

Ya yanko zare. Khanun ta ga fari na lilo, ta kai cafka, ta kusa kama masa yatsa. Ya fizge hannu sama kamar ya taɓa garwashi. Wani a layi ya yi dariya.

"Yom, buɗe tafinki," ya ce, idonsa a ƙasa. "Kya ɗaura mata a gida."

"Luang Pho..."

"Akwai mutane suna jira."

Ya saki zaren daga sama. Nuan ba ta buɗe tafin ba. Zaren ya sauko a hankali ya kwanta a kan tabarma, tsakanin uba da 'ya, ba wanda ya motsa. Baƙon da ke baya ya riga ya ɗaga ƙafa zai matso, kuma a kan zaren za ta sauka.

Buakaew ta bar ginshiƙin. Gwiwoyinta suka yi ƙara da ta sauka. Ta tsince zaren, ta kaɗe shi.

"Yom Buakaew," in ji shi, da muryar da ya tanada don masu ba da sadaka, "albarka ta tabbata..."

"Zare na zo ɗauka, Luang Ta," ta ce a hankali, da sunan da ake kiran kakan da ya shiga zuhudu, yadda shi kaɗai zai ji. "Ci gaba da aikinka, kada kasuwa ta watse."

Kasuwar dare ta cika har ba wurin sa ƙafa: hayaƙin gasasshen nama, fitilun takarda, wani makaho na goge a bakin hanya. Thawat na gaba, hannu a sama, yana neman hasken da zai fito da zarensa a hoto. Buakaew ta ja Nuan zuwa bencin mai ayaba da soyayyen fulawa, ta zaunar da ita. Nuan ta ƙura wa farantin ido, hawaye na sauka, ba ta share ba.

"Faɗi mana, Mae. Ce kin faɗa mini."

"Ci abinki tun da zafi."

Ta ɗora Khanun a cinya, ta goge mata hannu da bakin zaninta. Ta shafa zaren a kan ɗan wuyan hannun, ta kore sharri waje, ta kira alheri ciki, yadda uwarta ta yi mata. Sannan ta ƙulla, ta ja ƙullin da haƙori don kada ya kwance.

Thawat ya dawo yana haki. "Af, har an ɗaura? Mae, amma ai ba ɗaya ba ne da na Luang Pho, ko?"

"Ba ɗaya ba ne," in ji Buakaew. Ta zare zaren daga bakin Khanun, wadda har ta fara tauna shi.