Irin Geron Inna Gimbiya

"To, ka shuka moton mana!" in ji Nafisa, ko kai ba ta ɗaga ba. "Wataƙila kabu-kabu ya tsiro maka."

Ƙanenta Rabilu ya tsaya ƙerere a tsakar gida. Ruwan shuka ya sauka a Dungas, 'yan'uwa duk sun karɓi iri a hannun Nafisa sun nufi gona, shi ko ƙwaya ba shi da ita.

Uwarsu Inna Gimbiya, Allah ya jiƙanta, kowace kaka takan zaɓi zangarniyar da ta fi cika ta rataye inda hayaƙi ke korar ƙwari. Da ruwa ya sauka, 'ya'ya da jikoki su jeru, ta damƙa wa kowa nasa da albarka a kai. Ba a yi sadakar bakwai ɗinta ba Rabilu ya fasa rumbunta, ya kai hatsin kasuwa, ya dawo bisa sabon moto, wato babur. Nafisa da ta yi jinyarta ta sauke irin ta ɓoye, ta ja bakinta har damina. Shirun Nafisa kuwa, jama'a, ba alheri ba ne.

"Yaya, na uwarmu ne fa. Ko rabin tiya."

"Yau ka tuna kana da uwa?"

Ta leƙa katanga ta ƙwala wa maƙwabciya kira: "Na'ima! Ke da kika yi wa Inna wanka, miƙo ƙwaryarki." Ta juye mata ragowar irin kaf, har da kaɗe gindin masaki, tana kallonsa cikin ido.

Rabilu ya fice, ya maka ƙyauren langa-langa har kaji suka watse.