Babur ɗin Yaya da Ƙwan Kajina

Kaji ɗari da tamanin nake kiwo a bayan gidanmu. Duk Litinin da Alhamis Yaya yake ɗaura akwatin katako a bayan babur ɗinsa, in jera masa kiret goma sha biyu na ƙwai, ya kai wa wani mai shago a saman tudu. Mai shagon nan shi kaɗai ne yake ɗauke min ƙwai da yawa a lokaci ɗaya. Sauran masu saye maƙwabta ne, wannan biyar, wancan uku.

Yaya mutum ne mai jiki, idan ya hau babur sai ka ji kujerar ta yi ƙara. Yana son babur ɗin nan kamar me. Da ya taso daga aiki ba ya zuwa ko'ina sai garejin bakin titi, inda yake zama da abokansa uku: Bakanike mai garejin, da Mai Walda da rumfarsa ke jingine da ta Bakanike, da wani siriri da suke kira Tsinke. Ba su da hira sai ta gudu.

Wata biyu Bakanike da Mai Walda suna musu a kan abin da zai sa babur ɗin Yaya ya fi na kowa gudu. Bakanike ya ce a cire faifan haƙora na tayar baya, wanda sarƙa ke hawa, a sa ƙarami. Mai Walda ya ce wannan wasa ne, salansa ce ta shaƙe injin, a yanka ta a kwashe abin da ke cikinta ya samu ya yi numfashi. Yaya ba ya iya ɓata wa kowa rai, sai ya bar kowa ya yi nasa a rana ɗaya.

Da yammacin Lahadi muka ji wata irin ƙara a ƙofar gida, har Umma ta saki tsintsiya.

“Wane ne wannan zai rushe mana katanga?”

“Ni ne, Umma,” in ji Yaya, bakinsa har kunne. “Yau allurar gudu ta taɓa ɗari.”

“Ta taɓa dubu ma. Kashe min shi kafin kunnena ya toshe.”

Washegari na jera ƙwai, ya tafi. Ba a yi awa ɗaya ba ya dawo yana tura babur ɗin, wandonsa duk gwaiduwa. A gindin tudun akwai wata kwata da ta ratsa hanya, dole mai ƙwai ya tsallake ta a hankali sannan ya fara hawa. Ya ce ya kai rabi sai injin ya yi tari ya mutu, babur ya fara ja da baya, ya sa ƙafa ya tare, akwatin ya karkace. Kiret huɗu suka tafi.

Ina cikin ware masu rai sai mai shago ya kira wayar Umma.

“’Yata, ban ga kaya ba, ga mutane sun cika min shago. Ba faɗa nake ba. Amma in Alhamis ta zo ƙarfe tara ban ga ƙwai a nan ba, zan karɓa a wajen wani. Akwai mai gona da ya daɗe yana bina.”

Na ce to.

Talata ta wuce, Yaya ya dawo daga gareji ya ce ana kan maganar gyara. Laraba da azahar ya aiko wai har yanzu ana kan magana. Umma ta dube ni ta ce, “Kajin naki ne. In kin zauna jiran waɗancan, sai su kai shekara.” Ban taɓa shiga garejin ba, ko wucewa zan yi sai na tsallaka ɗaya gefen titin. Na ɗauki kwanon silba na ɗebo ruwan kaji, don ina da abin da nake so in nuna, na tafi.

Tun daga nesa nake jin su. Babur ɗin yana tsaye a tsakiya, babu wanda ya taɓa shi.

“Ka fasa wa inji maƙogwaro ka ce ya hau tudu?” in ji Bakanike. “Ƙara kawai ka ƙara masa, kamar jirgin da ba ya tashi.”

“Kai kuma da ka sa masa faifai kamar murfin kofi fa? Ni aikina ba ya ƙarya. Tsinke, faɗa masa.”

Tsinke yana kwance a kan benci. “Ni dai na hau tudun nan da shi sau uku ranar Lahadi. Ko tari bai yi ba. Mahayin ne ya kamata a rage.”

Suka kwashe da dariya, har Yaya, yana shafa tumbi.

Mai Walda ne ya fara ganina. “A’a, Uwar Kaji ce da kanta! Ku ba ta kujera. Ƙanwa, ki yi haƙuri, laifin wannan mutumin ne.”

“Laifin wa?” Bakanike ya miƙe.

Na tsaya riƙe da kwano, na gaishe su, idona a kan taya. Ba su ji ni ba, sai da Yaya ya ce su yi shiru.

“Da kuka gwada,” na ce, “da akwatin a baya?”

Suka kalli juna. Can Tsinke ya ce, “Wa yake gwaji da akwati? Har madubi muka cire don iska.”

“A kwatar nan ka tsaya?”

“Tsayawa? Tun daga wajen famfo nake taho da gudu, sai dai ki ga na tashi sama na dira.”

“Ƙwai ba ya dira,” na ce.

Mai Walda ya yi dariya har ya riƙe gini. Bakanike ya sosa ƙeya da sifana. Su ukun tun da suke ba su taɓa gwada babur a hankali ba. A wajensu gwaji shi ne a nemo wanda ya fi kowa rashin nauyi, a cire duk abin da zai ciru, a kwanta a kan tanki a kalli allura.

Na ce ina so a sake gwadawa yadda ake kai ƙwai. Yaya ne zai hau. A sa bulo biyu a akwati, a ɗora kwanon nan cike da ruwa a kai. In ya kai ƙofar shagon ruwa bai zube ba, ya yi.

Abin ya yi musu daɗi fiye da yadda na zata, sabon wasa suka samu. Matsala ɗaya, aikin wa za a fara warwarewa. Suka ɗauki kusan rabin awa a kan wannan, har Yaya ya ce a fara da faifai tunda kusoshi ne kawai. Tsohon faifan kuma aka neme shi aka rasa. Ashe Bakanike ya ɗora shi a kan rufin rumfa ya danne kwanon rufi da shi. Tsinke ya hau ya sauko da shi.

Muka ɗunguma zuwa gindin tudu, su a kan babura, ni a ƙasa. Yaya ya tsallake kwata kamar mai tsoron tayar da jariri, ya fara hawa. Babur ya wuce inda ya mutu ranar Litinin. Bakanike ya haɗe rai. Mai Walda ya fara rawa a tsakiyar hanya.

“Kun gani? Salansata ba ta da laifi!”

Bai rufe baki ba injin ya fara fizga, ya yi gaba ya dawo, ya yi gaba ya dawo. Ruwan ya tashi gaba ɗaya ya sauka a bayan Yaya.

“Ci gaba da rawar mana,” in ji Bakanike.

Mai Walda ya daina rawa. Ya koma rumfarsa ya tono abin da ya kwashe daga cikin salansar a cikin tarin ƙarafa, ya sa baƙin tabarau, ya mayar da shi yana ƙunƙuni. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa yin walda don a rage gudu ba, kada wanda ya faɗa a waje.

Kafin rana ta faɗi muka koma. Na cika kwanon a famfo da hannuna. Wannan karon babur ɗin ya hau shiru, Tsinke yana binsa a ƙasa da gudu yana leƙa kwanon yana ihu, “Bai zube ba! Bai zube ba!” A ƙofar shagon suka taru a kan kwanon kamar likitoci. Bakanike ya ce ya ragu da kaurin farce. Mai Walda ya ce wannan rana ce ta shanye.

Ranar Alhamis tun bakwai da rabi na jera ƙwai. Da Yaya ya fito da babur sai ga su ukun a ƙofar gida, wai za su raka kaya. Suka sa shi a tsakiya, kowa yana tafiya kamar mai keke, Tsinke a gaba yana ɗaga wa motoci hannu. Umma ta leƙa ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙwai da ’yan rakiya ba.

Takwas da kwata mai shago ya kira.

“’Yata, sun iso, ko ɗaya bai tsage ba. Litinin ki ƙara min kiret biyu in kajin za su iya. Amma ki gaya min, su waye waɗannan da suka tsaya min a ƙofa suna musu a kan taya?”